Yadda Za Ku Taimaki Ƙaramin Yaro Ya Ƙara Saurin Gudu

Iyaye da malaman firamare sun sha kawo mini tambaya guda, ko da yake kowa da yadda yake furta ta: ga yaro mai son gudu, ko mai son ƙwallo, amma duk lokacin da aka yi tsere sai sa'anninsa su bar shi a baya, to yaya za a taimaka masa? Abin da akasarin manya ke fara yi shi ne su sa yaron ya yi ta zagaya fili har ya galabaita, bisa zaton cewa wahala ita ce ke haifar da sauri. Doguwar sassarfa tana ƙara juriya, babu shakka, amma yaron da kullum a gajiye yake gudu, gudun gajiya jikinsa zai koya. Sauri yana samuwa ne daga gajeren gudu da ake yi da cikakken ƙarfi, a huta har numfashi ya dawo daidai, sannan a sake, ana gyara motsin jiki abu ɗaya bayan ɗaya.

Matakan da ke tafe an jera su ne bisa yadda ya kamata a bi su, kuma sun dace da yara 'yan shekara 5 zuwa 12, maza da mata. Duk inda aka ce yaro, har da yarinya ake nufi.

Mataki na 1: Ku fara tabbatar da lafiyarsa

Kafin a shata layin farko, ku tambayi kanku ko akwai wani abu a lafiyar yaron da zai sa gudun ƙarfi ya zame masa haɗari. Yaron da ke da asma, ko sikila, ko wata larurar zuciya, da wanda ya taɓa suma ko ya koka da ciwon ƙirji yana cikin wasa, da wanda aka taɓa yin mutuwar fuju'a ta matashi a danginsa sanadiyyar zuciya, duk waɗannan sai likita ya duba su ya faɗi iyakar abin da za su iya. Haka nan yaron da ke ɗingishi, ko yake yawan faɗuwa fiye da sa'anninsa, ko kuke ganin ƙafa ɗaya ba ta aiki kamar ɗaya, matsalarsa ta asibiti ce kafin ta zama ta fili.

Sai kuma shekaru. Ɗan ƙasa da shekara 5 ba ya buƙatar horo kowane iri, domin har yanzu jikinsa yana kan koyon gudun ne da kansa, kuma wasa a fili ya ishe shi. Daga 5 zuwa 7, duk abin da za a koyar sai an saka shi cikin wasa, kuma kada zaman ya wuce minti 20. Daga 8 zuwa 12 ne yaro ke iya sauraron bayani, ya maimaita motsi da niyya, ya kuma jure minti 30.

Gargaɗi: idan yaro yana da zazzaɓi, ko bai daɗe da tashi daga rashin lafiya ba, a ɗage horon har sai ya koma cin abinci da wasa kamar yadda ya saba.

Mataki na 2: Fili da kayan aiki

Kayan ba su da yawa, kuma galibinsu ba sa cin ko kwabo. Ana buƙatar shimfiɗaɗɗen wuri mai tsawon mita 30 zuwa 40, mai ciyawa ko ƙasa marar tauri, wanda ke da sarari a ƙarshensa domin yaro ya rage gudu a hankali ba tare da ya ci karo da bango ba. Sai alamomi shida zuwa takwas, kuma robobin ruwa da aka shanye sun wadatar. Sai tef na awo, da igiyar tsalle, da gorar ruwa, da waya mai agogon ƙidayar daƙiƙa da kyamara, da ƙaramin littafin da za a riƙa rubuta sakamako.

Takalmi ne kawai abin da zai ci kuɗi, kuma a nan ma dacewa da ƙafa ta fi suna muhimmanci. A nemi kambas marar nauyi mai igiya ko maɗauri, wanda ke lanƙwasuwa a daidai gindin yatsu, a bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa mafi tsawo da bakin takalmin, dunduniya kuma ta zauna daram. Tun da ƙafar yaro tana girma da sauri, a riƙa duba wannan sarari duk bayan 'yan watanni. Takalmin tsere mai ƙusoshi a ƙasa, da rigar nauyi, da sauran kayan da ake tallatawa da sunan ƙara sauri, asarar kuɗi ce a wannan shekaru, wasunsu ma cutarwa suke yi.

Gargaɗi: ku taka filin da ƙafarku kafin yaro ya taka shi, ku kawar da duwatsu da fasassun kwalabe, ku lura da ramuka. Kada a yi gudun ƙarfi a kan siminti ko kwalta, kada kuma a yi shi da silifa ko da takalmin da aka saya da girma domin ya daɗe.

Mataki na 3: Ku kalli gudunsa kafin ku gyara komai

A ranar farko ba a koyar da komai. Bayan yaro ya ɗumama jiki, a auna mita 20, a sa shi ya ruga sau uku da hutu a tsakani, a rubuta lokacin da ya fi kyau. A ɗauki bidiyo guda daga gefe, guda daga gaba, domin ido ba ya iya kama abin da ƙafa ke yi cikin ƙiftawa, amma idan aka rage saurin bidiyon komai zai fito fili.

Abin da za ku nema shi ne amsar waɗannan tambayoyi. Kansa a tsaye yake, ko yana kallon ƙafafunsa, ko yana jefa kai baya? Hannuwansa gaba da baya suke tafiya, ko suna giftawa ta gaban ƙirji? Gwiwarsa tana tasowa, ko jan ƙafa yake yi? Ƙafarsa a ƙarƙashin jikinsa take sauka, ko can gaba take dira da dunduniya? Ko da bidiyon ya nuna kurakurai huɗu, guda ɗaya za a zaɓa a fara da shi, kuma shawarata ita ce a fara daga sama a gangaro, wato kai da kafaɗa, sai hannu, sai gwiwa, sai tafin ƙafa, domin sau da yawa idan hannu ya gyaru ƙafa tana bin sa da kanta.

Yana da kyau ku riƙe a zuciya cewa sauri abu biyu ne ke haɗa shi: tsawon taku da yawan takun da ake yi cikin daƙiƙa. Lokacin da Usain Bolt na Jamaika ya kafa tarihin mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a birnin Berlin a 2009, taku kusan 41 ya yi, abokan tserensa kuwa sun yi fiye da haka. Amma tsawon takun nasa daga tsayinsa da ƙarfin da yake tura ƙasa da shi ya fito, kuma haka na yaronku zai ƙaru yayin da ƙafarsa ke tsawo tana ƙarfi.

Gargaɗi: kada ku taɓa ce wa yaro ya buɗe taku. Abin da zai yi shi ne ya miƙa ƙafa can gaba ya dira da dunduniya, kuma kowace irin wannan dira birki ce, ga ta da jijjiga gwiwa.

Mataki na 4: Ɗumama jiki

Kowane zama da wannan yake farawa, minti 8 zuwa 10. A fara da sassarfa marar ƙarfi ta minti biyu, sai tsalle-tsalle ana tafiya gaba, sai tafiyar gefe dama da hagu, sai gudu da baya-baya a hankali, sai juya hannuwa da lilo da ƙafa gaba da baya yana dafe da bango ko kafaɗarku. A rufe da gudu biyu ko uku na mita 20 da ake farawa a hankali ana ƙara sauri, ba tare da an kai ƙarshen ƙarfi ba. Alamar an ɗumama ita ce jiki ya ɗan yi gumi, yaro kuma yana iya magana ba haki.

Gargaɗi: miƙar da ake tsayawa cak ana jan jijiya na tsawon lokaci, a bar ta sai an gama gudu. Yin ta a kan tsoka mai sanyi ba ya shirya jiki ga sauri.

Mataki na 5: Tsayuwar jiki da aikin hannu

A sa yaro ya tsaya a miƙe, idonsa a kan wani abu da ke nesa daidai tsayinsa, kafaɗunsa a sake, bakinsa a ɗan buɗe. Yara da yawa idan suka ji an ce su yi sauri sai su cije haƙora, su ɗage kafaɗa har kunne, su dunƙule hannu tamau, kuma wannan ɗaurewar tana bin jiki har ƙafa ta rage gudu. Hannu a ɗan naɗe yake zama, babban yatsa yana kwance a kan manuniya, ba a matse ba kuma ba a baje ba.

Hanya mafi sauƙi ta koyar da hannu ita ce a zaunar da yaro a ƙasa ya miƙe ƙafafu, ya lanƙwasa gwiwar hannu kamar kusurwar murabba'i, ya riƙa kai hannu daga daidai kunci zuwa daidai aljihun wando. Saboda yana zaune, idan ya miƙe hannun da yawa zai bugi ƙasa, sai ya gyara da kansa ba tare da an yi masa dogon bayani ba. A fara a hankali na daƙiƙa 10, a ƙara sauri na wasu 10, a huta, a maimaita sau uku. Idan yana yi daidai za ku ga mazaunansa suna ɗan tasowa daga ƙasa. Daga nan sai ya yi a tsaye, sannan yana tafiya, sannan yana sassarfa.

Abu biyu ake kiyayewa a nan. Na farko, motsin daga kafaɗa yake fitowa, kuma tura gwiwar hannu baya shi ne aikin, dawowarta gaba kusan da kanta take yi. Na biyu, hannu ba ya tsallaka tsakiyar ƙirji, domin idan ya tsallaka gangar jiki za ta riƙa murɗawa dama da hagu, ƙarfin da ya kamata ya tura yaro gaba sai ya watse a gefe. Kalmomi kaɗan sun isa a matsayin tuni, misali "kunci, aljihu" ko "tura baya", kuma kalmar da kuka zaɓa ita za ku riƙa maimaitawa kullum.

Gargaɗi: kada a yi wa yaro gyara yana tsakiyar gudu. Ihun da ake yi masa daga gefe yana sa shi waiwaye ko ɗaurewa. A faɗa masa abu ɗaya kafin ya tashi, a ba shi amsa bayan ya dawo.

Mataki na 6: Gwiwa da saukar ƙafa

Wannan mataki ya fi na baya cin lokaci, kuma bai kamata a shiga shi ba sai hannu ya fara zama, watakila bayan mako biyu. Da rarrafe yaro kan tashi, saboda haka da tafiya ake farawa. Yaro zai yi maci na mita 10, yana ɗaga gwiwa zuwa daidai ƙugu, yatsun ƙafar da ke sama suna kallon sama, ƙafar da ke ƙasa a miƙe, hannu kuma yana tafiya da ƙafar da ke kishiyarsa, wato hannun dama da gwiwar hagu. Idan macin ya zauna, sai a ƙara masa ɗan tsalle a kowane taku. Idan wannan ma ya zauna, sai a koma gudun ɗaga gwiwa, wanda takunsa gajeru ne masu yawa, ana ci gaba kaɗan-kaɗan. Kowane ɗaya a yi shi sau biyu ko uku a kan mita 10, a dawo da tafiya.

Akwai kuma atisayen bango, wanda ke koya wa ƙafa inda za ta sauka. Yaro zai dafa bango da hannu biyu, ya ja ƙafafu baya har jikinsa ya karkata a miƙe daga kai zuwa dunduniya, ya ɗaga gwiwa ɗaya ya tsaya. Duk lokacin da kuka tafa, sai ya sauya ƙafa da sauri ya sake tsayawa. Ƙafar da ke saukowa dole ta koma daidai inda ta tashi, a kan gaban tafin ƙafa, wato faffaɗan wurin da ke bayan yatsu. A yi sauyi shida zuwa takwas, a huta.

Abin da ake nema a ƙarshe shi ne ƙafa ta sauka a ƙarƙashin ƙugu, ta taɓa ƙasa ta tashi nan take. Yara suna saurin gane wannan idan aka ce musu su ɗauka ƙasar tana ƙuna. Kunne ma yana taimaka muku: takun da ke daidai sautinsa gajere ne marar nauyi, takun da ke dira da dunduniya ko da tafi gaba ɗaya kuwa daga nesa ake jin sa.

Gargaɗi: sauka a kan gaban tafin ƙafa daban yake da gudu a kan tsinin yatsu. Yaron da aka ce wa ya yi gudu da yatsu zai riƙa ɗage dunduniya sama koyaushe, sharaɓarsa ta ɗaure, idon sawunsa ya gaji. Haka kuma a lura kada ya jingina baya ko ya durƙusa yayin ɗaga gwiwa. Idan hakan na faruwa, a rage tsayin ɗagawar har sai ya iya riƙe bayansa a miƙe.

Mataki na 7: Tashi daga layi

A tseren yara mai gajeren zango, da kuma a filin ƙwallo, takun farko biyar zuwa shida su ne ke raba gardama. Domin gano ƙafar da zai sa a gaba, ku sa yaro ya haɗe ƙafafu ya karkata gaba daga idon sawu har sai ya ji zai faɗi. Ƙafar da ta fita da kanta ta tare shi ita ce za ta zauna a baya, domin ita ce mai saurin fitowa, ɗayar kuma ta zauna a gaba, dab da layi. Tazarar da ke tsakaninsu kamar tsawon tafin ƙafa ɗaya ce, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, nauyin jiki a kan ƙafar gaba, hannun da ke kishiyar ƙafar gaba shi ne a gaba.

Wannan karkatawar ita kanta atisaye ce: ya karkata, ya kusa faɗuwa, ya fita da gudu na mita 10. Tana koya masa ya fita a sunkuye yana tura ƙasa baya, idonsa a ƙasa 'yan mitoci a gabansa, ya miƙe a hankali maimakon ya tashi tsaye tun takun farko. Bayan haka a sauya yanayin tashi domin kaifafa saurin amsawa, wani lokaci daga zaune, wani lokaci daga kwance rub da ciki, wani lokaci yana ba ku baya, alamar tashi kuma ta zama tafi, ko kira, ko sakin ƙwallo daga hannu ya kama ta kafin ta yi tsalle na biyu.

Gargaɗi: kuskuren da ya fi yawa shi ne yaro ya ɗaga ƙafar gaba ya mayar da ita baya kafin ya fita, kuma dalilinsa nauyi ne da ya zauna a ƙafar baya. Tashin durƙuso irin na manyan 'yan tsere kuwa yana buƙatar ƙarfin da ƙaramin yaro bai tara ba, a bar shi sai nan gaba.

Mataki na 8: Gajeren gudu da cikakken hutu

Duk abin da ya gabata shiri ne domin wannan mataki, kuma a nan ne manya suka fi ɓata aikin. Makamashin da tsoka ke amfani da shi wajen gudun ƙarfi yana raguwa sosai cikin kimanin daƙiƙa 10, kuma sai an huta yake sake taruwa. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kuwa, waɗanda su ne ke koyon aika saƙo ga tsoka da sauri, suna koyon hakan ne kawai idan ana gudun a kusa da ƙarshen saurin da jiki zai iya. Da zarar gajiya ta shigo, gudun ya sauka, kuma duk abin da aka ƙara bayan nan ba ya koya wa jiki sauri.

Ga yadda nake ba da shawarar a tsara shi. Ɗan shekara 5 zuwa 7 ya yi gudu huɗu zuwa shida na mita 10 zuwa 15. Ɗan shekara 8 zuwa 12 ya yi shida zuwa takwas na mita 15 zuwa 30. Bayan kowane gudu ya dawo da tafiya, ya huta minti ɗaya zuwa biyu, kuma kada ya sake tashi sai yana iya yin cikakkiyar magana ba tare da haki ba. Yara suna farfaɗowa da sauri fiye da manya, sau da yawa ma za su ce sun shirya tun ba su shirya ba, don haka a cike lokacin hutun da wani abu marar wahala, kamar jifa da cafe ƙwallo ko shan ruwa.

Yaro ya fi sakin jiki ya yi gudu na gaskiya idan akwai abin da yake bi ko abin da ke bin sa. A ba shi tazarar mita uku a ce wani zai kamo shi, sannan a juya ya zama shi ne mai bi. A yi tseren miƙa sanda tsakanin ƙungiyoyi biyu, a jera alamomi ya kwaso su ɗaya-ɗaya, ko a kira launi ya ruga zuwa alamar da ke da wannan launi. Idan yaran ba ƙarfinsu ɗaya ba, a matsar da layin mai rauni gaba yadda za su iso ƙarshe kusan tare, domin wanda kullum yake can baya zai daina ƙoƙari, wanda kullum yake can gaba kuma ba zai ga dalilin ƙarawa ba. A kuma koya masa ya wuce layin ƙarshe da gudunsa, ta hanyar ajiye wata alama mita biyar bayan layin a ce can ne zai fara tsayawa.

Gargaɗi: a tsayar da zaman da zarar an ga gudun ya ragu, ko kai ya fara komawa baya, ko taku ya yi nauyi, ko da ba a cika adadin da aka tsara ba. Kada kuma a taɓa hukunta yaro da gudu saboda ya yi laifi ko ya sha kaye, domin abin da aka mayar hukunci ba zai sake zama abin so ba.

Mataki na 9: Ƙarfi ta hanyar tsalle da nauyin jiki

Ƙafar da ke tura ƙasa da ƙarfi ita ce ke tsawaita taku, kuma nauyin jikin yaro ya ishe shi gina wannan ƙarfi. Tsallen igiya na daƙiƙa 20 zuwa 30 sau uku yana ƙarfafa idon sawu da sharaɓa. Tsalle da ƙafa ɗaya na mita biyar a kowace ƙafa yana gyara daidaito, yana kuma nuna muku ko wata ƙafa ta fi wata rauni. Dogon tsalle daga tsaye da ƙafa biyu, sau biyar, yana koyar da turawa, muddin ana sauka a hankali da gwiwa a lanƙwashe. Sai tsugunawa da tashi sau takwas zuwa goma, da rarrafe da hannu da ƙafa ba tare da gwiwa ta taɓa ƙasa ba. Idan akwai ɗan tudu marar tsauri, hawansa da gudu na mita 10 zuwa 15 sau huɗu yana gyara karkata da ɗaga gwiwa ba tare da an ce komai ba. A zaɓi biyu ko uku daga cikin waɗannan a kowane zama, bayan an gama gudun sauri.

Gargaɗi: ƙarshen ƙasusuwan yaro yana da wurin girma mai laushi wanda bai gama ƙwari ba. Yawan tsalle da gudu a kan ƙasa mai tauri na iya jawo ciwon dunduniya da likitoci ke kira cutar Sever, ko ciwo da kumburi a ƙasan ƙoƙon gwiwa da ake kira Osgood-Schlatter, musamman ga yaran da suka shiga lokacin saurin girma. Ciwon da ke zaune a wuri ɗaya, ko mai sa ɗingishi, ko wanda ya kwana biyu bai tafi ba, dalili ne na dakatarwa da ganin likita. Kada a ɗaura wa ƙaramin yaro taya ya ja, kada a sa shi dirowa daga wuri mai tsayi, kada kuma a sa shi gudun ƙarfi a gangare.

Mataki na 10: Tsarin mako, barci da ruwa

Zama biyu a mako sun isa ga ƙananan, uku ga manyan, kuma a bar aƙalla kwana ɗaya tsakanin zama da zama. Idan yaron yana buga ƙwallo a makaranta ko wata ƙungiya, a lissafa wannan cikin nauyin da ke kansa. Jerin kowane zama ba ya sauyawa: ɗumama jiki, atisayen gyara motsi na minti biyar zuwa bakwai, tashi da gajeren gudu, ƙarfi, sannan tafiya a hankali da miƙa.

Sauran ranakun na wasa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu matsakaicin minti 60 na motsa jiki a kullum, tare da ayyukan ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana uku a mako. Keke, da iyo, da ƙwallo, da guje-guje da abokai duk suna cikin wannan lissafi, kuma yaron da ke taɓa wasanni iri-iri jikinsa ya fi sanin motsi. Bolt kansa kurket da ƙwallon ƙafa ya fi bugawa yana yaro. Barci kuwa shi ne lokacin da jiki ke gyara abin da horo ya taɓa, kuma ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12 a kowace rana. A ba shi ruwa kafin zama, da lokacin hutu, da bayan an gama, a kuma bar tazarar awa ɗaya zuwa biyu bayan cin abinci mai nauyi.

Gargaɗi: a guji tsakar rana lokacin zafi. Idan yaro ya koka da jiri, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, a kai shi inuwa, a ba shi ruwa, a jiƙa masa jiki, idan kuma ya rikice ko ya suma a garzaya da shi asibiti. Lemon ƙara kuzari mai sinadarin kafeyin (caffeine) da magungunan gina jiki ba na yara ba ne.

Mataki na 11: Auna ci gaba da neman koci

A sake awon mita 20 sau ɗaya a wata, a fili guda, da takalmi guda, mutum guda kuma ya riƙe agogo, domin bambancin yatsan mai dannawa kaɗai na iya wuce ci gaban da ake nema. A sake ɗaukar bidiyo a ajiye shi kusa da na farko. Galibi gyaruwar motsi tana bayyana kafin lokaci ya sauka, kuma makonni shida zuwa takwas ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a jira kafin a yanke hukunci.

A gwada yaro da lokacinsa na watan jiya kawai. Tsakanin yara 'yan aji ɗaya akan samu tazarar kusan shekara guda ta haihuwa, wasu kuma suna rigan wasu girma, saboda haka wanda ke cin tsere yana ɗan shekara 9 sau da yawa jikinsa ne ya riga na sauran. Akwai ma lokacin da yaro ke yin tsawo farat ɗaya, gudunsa ya ɗan rikice na wasu watanni kafin ya saba da sababbin gaɓoɓinsa. A irin wannan lokaci a rage tsalle, a koma atisayen mataki na 5 da na 6. Yabon da za ku yi masa ya zama a kan abin da ya yi da gangan, misali "Yau ka tura hannu baya sosai", domin wannan shi ne abin da zai iya maimaitawa gobe.

Idan ya kai shekara 9 ko 10 yana neman ƙari da bakinsa, lokaci ya yi da za a nema masa ƙungiya. Ku halarci zama ɗaya ku gani da idonku kafin ku biya kuɗin rajista. Shirin Kids' Athletics, wanda hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta ƙirƙiro a 2002, ya ginu ne a kan haɗa gudu da tsalle da jifa cikin wasannin ƙungiya, kuma irin wannan tsari ya kamata ku nema. Ku duba ko kocin yana ba da hutu da ruwa, ko yana raba yara bisa shekaru, ko yana barin iyaye su zauna su kalla, ko yana da abin taimakon gaggawa a kusa.

Gargaɗi: ku janye yaronku daga hannun duk kocin da ke zagi ko duka, ko mai sa yara gudu a kan ciwo, ko mai hana su wasu wasanni, ko mai neman keɓewa da yaro inda babu wani babba.